Tsofaffin Motocin Soja: Jarin Da Ke Buɗe Hanyoyin Kontagora

KONTAGORA, Jihar Neja. A duk lokacin da damina ta yi tsaka, ba abin mamaki ba ne matafiyi ya tarar da manyan motoci sun yi jerin gwano a kan hanyar da ta taso daga Makwa ta ratsa Kontagora zuwa Yawuri, saboda tirela guda ɗaya da ta kife, ko ta kafe a inda kwalta ta zaizaye. A irin wannan hali, direban tanka da falke mai shanu da ɗan kasuwa mai albasa duk abu ɗaya suke jira, wato isowar motar janwe. Motar da kan zo kuwa sau da yawa tsohuwa ce tukuf, mai dogayen ƙafafu, wadda ta girmi yaran da ke aiki a cikinta. Wani lokaci idan aka kankare fentin jikinta, akan tarar da koren launin soja a ƙasa.

A ƙasashen Turai da Amurka, ajiye irin waɗannan motoci abin sha'awa ne na masu hali. Mutum kan sayi tsohuwar motar yaƙi, ya ɓata shekaru yana gyara ta, ya fito da ita ranar hutu domin baje koli ko jan wata tsohuwar mota 'yar'uwarta. A Amurka har ƙungiya gare su ta masu adana motocin soja, wadda aka kafa tun 1976, kuma abin da suka fi ji da shi ya haɗa da motar GMC mai ƙafa shida da aka ƙera fiye da guda 560,000 a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Kontagora ma akwai wannan ƙauna tsakanin mai mota da motarsa, domin akwai wanda ba ya yarda kowa ya taɓa masa inji sai shi da kansa. Bambancin dai shi ne a nan motar ce ke ciyar da gida, kuma tattalin arzikin yanki guda yana dogara da ita fiye da yadda ake zato.

Garin da komai ke tafiya a kan taya

Tun da Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora a 1864, garin mahaɗar hanyoyi ne. A yau babbar hanyar tarayya da ta taso daga Ikko ta bi ta Ilori da Jabba da Makwa, ta nan take wucewa zuwa Yawuri da Jega da Sakkwato. Wata hanyar ta yi gabas zuwa Tegina, inda ta rabu zuwa Minna da Birnin Gwari da Kaduna, wata kuma ta yi arewa zuwa Rijau da Zuru. Layin dogon da Turawa suka shimfiɗa daga Ikko zuwa Kano ya bi ta Makwa da Zungeru da Minna, bai iso Kontagora ba. Saboda haka duk buhun masara ko dawa ko wake da aka noma a ƙananan hukumomin Mariga da Mashegu da Magama da Rijau, da duk san da aka saya a kasuwannin yankin, a kan taya zai bar wurin.

Bugu da ƙari, Jihar Neja ce mafi faɗin ƙasa a Nijeriya, da murabba'in kilomita fiye da 76,000, kuma akasarin hanyoyin da ke kai wa ƙauyukanta na jar ƙasa ne. Da ruwa ya sauka, ƙananan motoci kan daina shiga wasu wuraren sai kaka. Yadda hanya guda ke iya tsayar da kasuwancin rabin ƙasa kuwa an gan shi a watan Yuni na 2017, lokacin da ambaliya ta karya gadar Tatabu tsakanin Makwa da Jabba, aka tilasta wa manyan motoci yin doguwar kewaya a kan hanyoyin da ba a gina su domin irin wannan nauyi ba.

Daga ina motocin suka fito?

Kontagora gari ne na sojoji, inda barikin Nagwamatse da cibiyar horar da sojojin ƙasa suke, don haka baƙo zai iya zaton daga nan tsofaffin motocin ke fitowa. Tarihin abin ya fi haka tsawo, kuma ana iya raba shi gida uku.

Na farko ya faro ne bayan 1945. Dubban 'yan Nijeriya da suka yi yaƙi a Bama a ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun dawo gida, wasunsu da sana'ar tuƙi da kanikanci a hannu. A daidai lokacin ne Ingila ta shiga sayar da rarar motocin yaƙinta, aka yi musu bodin katako, suka shiga dakon gyaɗa da auduga da fasinja. Sunan Bedford ya kafu a ƙasar nan tun daga wancan zamani, kuma samfurin sojanta mai suna RL, da aka fara ƙerawa a 1953, ya daɗe yana aiki a rundunonin ƙasashen da Ingila ta yi wa mulkin mallaka.

Na biyu ya biyo bayan Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, wanda ya kumbura rundunar sojan Nijeriya daga mutum wajen 10,000 zuwa kimanin 250,000, tare da motocin da za su ɗauke su. Da aka samu kuɗin man fetur, Gwamnatin Tarayya ta kafa masana'antun harhaɗa manyan motoci: Steyr a Bauchi, ANAMMCO mai harhaɗa Mercedes a Inugu, Leyland a Badun, da kamfanin NTM mai harhaɗa Fiat a Kano. Sojoji da ma'aikatun gwamnati na cikin manyan masu sayen waɗannan motoci, kuma idan sun tsufa akan yi gwanjonsu. Akwai wani sauyi da ya yi tasiri a nan. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, abin da ya rage wa motocin Ingila masu sitiyari a dama kasuwa, ya buɗe wa na Jamus ƙofa. Bedford ɗin kansa ya daina ƙera manyan motoci a 1986.

Na uku kuwa ya zo ne da ƙarewar Yaƙin Cacar Baka. Bayan haɗewar Jamus a watan Oktoba na 1990 an rushe rundunar Jamus ta Gabas, ƙasashen ƙungiyar tsaro ta NATO kuma suka rage yawan dakarunsu. Motocin MAN da Mercedes da DAF da Magirus da aka jibge domin yaƙin da bai auku ba suka shiga kasuwa da araha. Wannan ya zo daidai da lokacin da shirin SAP na 1986 ya karya darajar Naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwa, masana'antun cikin gida suka durƙushe. Ta tashoshin jiragen ruwa na Ikko da Kwatano waɗannan motoci suka shigo, suka watsu a hannun masu haƙa rijiyar burtsatse da masu dakon itace da yashi da masu janwe.

Abin da ya sa kanikawa ke son su

Motar soja an ƙera ta ne domin inda babu hanya. Dukkan ƙafafunta suna ja, huɗu ko shida, cikinta ya yi nisa da ƙasa, tana da giya ta musamman mai rage gudu ta ƙara ƙarfi, kuma da yawa suna zuwa da winci, wato na'urar da ke naɗe igiyar ƙarfe da ƙarfin inji. Har ila yau, tun da rundunonin Turai kan ajiye mota shekara da shekaru ana yi mata sabis ba tare da ta yi tafiya mai yawa ba, mai saye kan samu inji mai sauran ƙarfi a jikin mota mai shekaru 30.

Babban abin da ya fi jan hankali shi ne sauƙin gyara. Misali mafi kusa shi ne Mercedes 911 mai gajeren hanci, wadda sojoji da farar hula duk suka yi amfani da ita. Lambar tana nufin nauyin tan 9 da ƙarfin doki 110. Injin OM 352 da aka fi sanin wannan dangi na motoci da shi mai silinda shida ne, an fara ƙera shi a 1964, kuma famfon mansa na ƙarfe ne zalla, babu ƙwaƙwalwar kwamfuta a ciki. Bakanike mai kunnen jin ƙarar inji zai iya gane ciwonsa, ya kwance shi a gindin bishiya, ya sauya ringi da boris, ya mayar. Irin wannan inji yana jure gurɓataccen man gas da zai kashe nozil ɗin motar zamani cikin kwanaki. Kamfanin ya ci gaba da ƙera wannan samfuri domin kasuwannin Afirka da Gabas ta Tsakiya har tsakiyar shekarun 1990, shi ya sa kayan gyaransa ba su ɓace kamar na sauran ba.

Mayar da irin wannan mota janwe aiki ne na haɗin gwiwar bakanike da mai walda. Akan cire bodi, a ƙarfafa shasi da farantan ƙarfe, a kafa hannun ɗagawa da ƙugiya a baya, sa'an nan a ƙara nauyi a gaba domin kada hancin motar ya ɗaga sama idan ta ɗauki kan tirela. Babu zanen injiniya a yawancin wannan aiki. Gwaji da gadon sana'a ne ke jagora, kuma a nan ne ƙarfin abin da rauninsa suke, domin waldar da ba ta kama ba takan tsinke ne a daidai lokacin da nauyi ya hau kanta.

Ja ma sana'a ce

Mai kallo na iya ɗaukar cewa jan mota bai wuce ɗaura sarƙa ba. Gogaggen mai janwe ya san cewa kafin a ja babbar mota tafiya mai nisa sai an kwance farfela, domin idan ƙafafun baya suna juya giyabos alhali injin a kashe yake, mai ba ya zagayawa yadda ya kamata, sai giyabos ɗin ya ƙone, a tashi da hasarar da ta fi ta farko. Haka kuma birkin manyan motoci da iska yake aiki, kuma an tsara shi ta yadda idan iska ta ƙare sai ya kama ƙafafu gam. Dole ne ko a jona bututun iska daga janwe, ko a sassauta birkin da hannu, wanda ke nufin duk nauyin tsayawa ya koma kan motar da ke gaba. Saboda haka ne a gangara ake amfani da sandar ƙarfe maimakon sarƙa, don kada motar baya ta afko wa ta gaba.

Tayar da motar da ta kife ya fi wannan wuya. Akan fara sauke kaya, a nemi ƙasa mai tauri da janwe za ta kafa ƙafafunta, a ratsa igiyar ƙarfe ta cikin gargare domin ninka ƙarfin ja, a kuma kori jama'a nesa, tun da igiyar da ta tsinke tana iya sare mutum. Idan tankar fetur ce ta faɗi, kowane minti na jinkiri haɗari ne. Jihar Neja ta ɗanɗana wannan ranar 18 ga Janairu, 2025, a mahaɗar Dikko da ke ƙaramar hukumar Gurara, inda tankar da ta kife ta kama da wuta a tsakiyar masu kwasar mai, mutane fiye da 80 suka rasa rayukansu.

Lissafin da ke neman ƙin fita

Ta fuskar tattalin arziki, tsohuwar motar soja jari ce mai arhar saye da tsadar riƙo. A inda kuɗin ruwa ya yi yawa, ladan ƙwadago kuma ya yi ƙasa, wannan ciniki ne mai ma'ana: mutum ya sayi abin da zai iya biya nan take, ya rinƙa biyan sauran a hankali ta hanyar mai da gyara. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, na bankunan kasuwanci kuma ya fi haka. Da wuya a samu mai janwen da zai ci rance a kan wannan farashi ya sayi sabuwar mota, musamman da yake janwe takan kwana da yawa a tsaye tana jiran kira.

Sai dai ɓangaren riƙon ne ke ƙara nauyi shekara bayan shekara. Na farko shi ne man gas, wanda babu tallafin gwamnati a kansa, kuma farashinsa ya ninka fiye da sau biyu a cikin 2022 kawai, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. Motar da aka ƙera domin rundunar da ba ta lissafin lita, ita ce ta fi jin wannan a jika. Na biyu shi ne kuɗin musaya. Kayan gyaran da ake sayarwa Dala 100 a ƙasar waje, a 1985 bai kai Naira 100 ba. A tsakanin 1994 da 1998, bisa farashin gwamnati na Naira 22, ya kama Naira 2,200. A watan Fabrairu na 2024, da Dala ta haura Naira 1,500, kayan nan guda ya wuce Naira 150,000 tun kafin a sa kuɗin kwastan da na dako. Tayar motar soja kuwa, wadda ta fi ta sauran motoci girma, ba a kowane shago ake samunta ba.

Abin da ya rage wa mai mota shi ne ya aika Fanteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Ikko, ko ya sa masu injin feƙe ƙarfe su ƙera masa makamancin abin da ya lalace. Idan duk wannan ya faskara, sai a yanka mota guda domin a rayar da biyu. Ta haka adadin motocin ke raguwa, ba tare da wata sabuwa ta maye gurbi ba, tun da rarar da Turai ta zubar a shekarun 1990 ba za ta maimaitu ba, motocin sojan zamani kuma cike suke da na'urorin da garejin gefen hanya ba shi da kayan gwada su.

Akwai kuma 'yan gwangwan. Masana'antun narka ƙarfe na ƙasar nan da tsohon ƙarfe suke aiki, kuma motar soja ƙarfe ce mai kauri mai nauyin tan da yawa. Duk ranar da kuɗin da za a samu a kan sikeli ya zarce ribar da ake sa ran motar za ta kawo, to hankali zai ce a sayar. Wannan yakan faru musamman idan mai motar ya rasu, magada suka zo rabon gado, babu wanda ya gaji sana'ar a cikinsu.

Matsalar tsaro ta ƙara dagula lissafin. Tun kafin sace ɗaliban Kagara a watan Fabrairu na 2021 da na makarantar Islamiyya ta Tegina a watan Mayu na shekarar, hanyoyin da suka yi gabas da arewacin Kontagora sun zama abin tsoro. Direban fasinja kan taka mota ya wuce, amma mai janwe sai ya tsaya sa'o'i a wuri guda a tsakiyar daji, da mota mai kama da ta soja. Doka ma ta hana wannan kama, domin tun 1977 aka haramta wa farar hula amfani da koren launin soja a jikin mota. Shi ya sa fenti ne aikin farko da ake yi wa duk wadda aka saya.

Amfanin kowa, kuɗin mutum ɗaya

Idan tirela ta tare hanya, hasarar ba ta mai ita kaɗai ba ce. Tumatir yana ruɓewa a motar da ke baya, shanu suna ramewa ko su mutu, gidan mai a Yawuri ko Birnin Kabi yana ƙafewa, kuma duk wannan yana ƙarewa ne a farashin da mai saye zai biya a kasuwa. Amma mutum ɗaya ne ke biyan ladan janwe, shi ne mai motar da ta lalace, wanda a lokacin ya fi kowa rashin kuɗi a hannu. Sakamakon haka akan ɓata sa'o'i, wani lokaci kwanaki, ana ciniki ta waya da maigidan mota da ke Kano ko Ikko, hanya kuma tana toshe. Masana tattalin arziki sun daɗe da lura cewa duk aikin da jama'a ke cin moriyarsa amma mutum ɗaya ke biya, kasuwa ba ta samar da shi gwargwadon buƙata.

Kawar da abin da ya tare hanya na cikin ayyukan da doka ta ɗora wa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, kuma tana da nata motocin janwe. Amma tsawon hanyoyin tarayya da ke Jihar Neja ya fi ƙarfin abin da hukuma guda za ta iya rufewa, balle hanyoyin ƙauye. Giɓin da ya rage, masu tsofaffin motoci ne ke cike shi.

Abin da za a iya yi

Matakin farko bai buƙatar kasafin kuɗi. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanadi cewa a sayar da kadarorin da gwamnati ta gama amfani da su ta hanyar gasa a fili. Idan rundunonin tsaro da ma'aikatu suka rinƙa shelar gwanjon tsofaffin motocinsu a kan lokaci, cikin harsunan da masu sana'ar ke ji, kafin rana da ruwa su cinye su a bayan bariki, to motar za ta isa hannun mai aiki da ita ba tare da ta bi ta hannun dillalai uku ba. Jamus ta kafa kamfanin gwamnati mai suna VEBEG tun 1951 domin wannan aiki kawai.

Na biyu shi ne a yi wa masu janwe rajista, a duba lafiyar igiya da ƙugiya da waldar motocinsu, a tsayar da farashin ja bisa nauyi da nisa tare da ƙungiyoyin NARTO da NURTW, sa'an nan a samar da asusun da zai biya nan take idan mota ta tare babbar hanya, daga baya a karɓa daga mai ita ko kamfanin inshorarsa. Mai janwen da ke da tabbacin za a biya shi, shi ne banki zai iya bai wa rance ya sabunta motarsa.

Na uku ya shafi ilmin sana'ar. Kanikawan da suka san famfon mai da giyabos na waɗannan motoci ciki da waje suna manyanta, matasa kuma sun fi karkata ga gyaran babur da Keke NAPEP mai kawo kuɗin yau da yau. Kwalejojin fasaha na jihar, tare da ƙungiyar kanikawa ta NATA, za su iya haɗa wannan gogewa da koyar da na'urorin gwajin manyan motocin ƙasar Sin irin su Howo, waɗanda tuni suka cika hanyoyin ƙasar nan, kuma su ne janwen gobe za ta fito daga cikinsu.

Gyaran hanyoyin da kansu shi ne maganin dindindin, kuma ranar da aka kammala shi buƙatar mota mai ƙafa shida za ta ragu. Kafin wannan lokaci, manoman Mariga da Mashegu da fataken da ke bin hanyar Sakkwato za su sake shiga wata daminar suna dogaro da motocin da aka ƙera shekaru 40 ko 50 da suka wuce, waɗanda yawansu ke raguwa a duk lokacin da farashin ƙarfe ya tashi a kan sikelin 'yan gwangwan.